Babi na Shida: Karin Kumallo a Bakin Kasuwar Kifi

Bahaushe ya yarda da wuta. Nama ne ko kifi, sai ya ga an dafa, an soya ko an gasa kafin hankalinsa ya kwanta, kuma in an kawo masa nama da sauran ja a cikinsa mayar da shi yake yi. Don haka idan aka ce masa Japanawa na cin ɗanyen kifi, ba ya bari a kai ƙarshen magana sai ya yamutsa fuska. Yana da gaskiyarsa, zan kuma dawo kan wannan gaskiyar tasa. Amma su ma masu sha'awar sushi, wato lomar shinkafa da yankan kifi a kai, waɗanda ke tasowa daga Turai da Amurka su kafa layi tun da duku-duku a ƙofar ƙananan shagunan da ke bakin kasuwar kifin Tokyo, akwai abin da suka fahimta a baibai. A zatonsu daɗin abin yana cikin kusanci da teku, wato kifi ya mutu yanzu, an yanka yanzu, an kai baki yanzu. Alhali babban kifin tuna da aka ɗora musu a kan loma ta yiwu tun watannin baya aka kama shi a tekun Atlantika, aka daskarar da shi a cikin jirgi a sanyin da ya kai digiri 60 ƙasa da sifili. Wanda ma ba a daskarar ba, mai shagon kan ajiye shi kwanaki da gangan kafin ya sa masa wuƙa. Abin da ake saya a waɗannan shaguna shi ne sanin lokaci: wane kifi ne ba ya kwana, wane ne sai ya kwana, kuma kwana nawa.

Ita kasuwar kanta ta yi ƙaura sau biyu. Asalinta a Nihonbashi take, a tsakiyar birnin, tun farkon ƙarni na 17 lokacin da ake kiran Tokyo da suna Edo. Tokugawa Ieyasu, wanda ya kafa gidan mulkin da ya riƙe Japan fiye da shekara 250, ya kawo masunta daga ƙauyen Tsukuda da ke kusa da Osaka don su riƙa kai kifi fada, aka kuma yarje musu su sayar da abin da ya yi saura a gindin gada. Daga wannan ragowar fada kasuwa ta tsiro. Girgizar ƙasa ta 1923 da gobarar da ta biyo bayanta suka cinye ta, aka mayar da ita Tsukiji, inda aka buɗe sabon gini a 1935. A nan ta shekara 83, ta zama kasuwar kifi mafi shahara a duniya. Ranar 6 ga Oktoba 2018 aka yi cinikin ƙarshe, ranar 11 ga watan aka buɗe a Toyosu, wani fili da aka cike a cikin teku. Ƙaurar ba ta zo da sauƙi ba. Filin tsohuwar masana'antar iskar gas ce, an kuma sami guba a ƙasarsa, har gwamnar Tokyo, Yuriko Koike, ta ɗage tashin da aka shirya yi a 2016.

Toyosu tsaf take kamar asibiti, a rufe, da na'urar sanyaya ɗaki ko'ina. Baƙo ba ya taka inda ake gwanjo, sai dai ya leƙa ta bayan gilashi. Wajen ƙarfe biyar da rabi na asuba ake farawa, amma aikin gaske kafin nan ake yinsa. An jera tuna a ƙasa sahu-sahu, kowanne an datse masa wutsiya an bar tsokar a fili. Sai ka ga dillalai cikin takalman roba suna bi ɗaya bayan ɗaya, tocila a hannu guda, ƙugiya a ɗayan. Mutum zai haska wurin yankan, ya ƙwaƙulo ɗan nama, ya murtsuke shi tsakanin yatsu, ya duba maiƙon da ya bari. Daga wannan ɗan guntun zai yanke hukunci a kan kifin da ya fi shi nauyi sau uku, wanda bai ga cikinsa ba kuma ba zai gani ba sai ya biya. Da an kaɗa ƙararrawa, mai gwanjo ya fara kirari da wata murya da ko Japanawan gari ba sa ganewa, masu saye na taya farashi da alamun yatsu, cikin daƙiƙu kaɗan an sallama an wuce na gaba. Wanda ya yi kuskuren karanta wutsiya, asarar tasa ce shi kaɗai.

Waɗannan dillalai na tsakiya su ne ƙashin bayan sana'ar. Kowanne da fanninsa: wannan tuna kawai ya sani, wancan jatan lande, wani kuma abubuwa masu ɓawo. Mai ƙaramin shagon sushi ba ya shiga gwanjo. Yana da dillalinsa, wanda sau da yawa uban dillalin ne ya yi hulɗa da uban mai shagon. Shi ya san irin kitsen da abokin cinikinsa ke so, ya san tsamin shinkafarsa, zai kuma ɓoye masa yanki mai kyau a ƙarƙashin tebur ko da wani ya zo da kuɗin da suka fi. Amfanin zama a bakin kasuwa ke nan. Mota na kai kifi daga Toyosu zuwa unguwar masu kuɗi ta Ginza cikin 'yan mintoci, don haka ba a tazara aka fi shagunan can ba. Na bakin kasuwa ya fi su ne da ganin ido kullum, da sauƙin haya, da kuma cewa waɗanda suka fara zama masu cin abincinsa 'yan kasuwar ne da kansu, mutanen da ba a yi musu rufa-ido a kan kifi.

Domin tun asali ba don baƙi aka buɗe waɗannan shaguna ba. Wanda ya fara aiki tun tsakar dare, ƙarfe bakwai na safe a wurinsa lokacin cin abinci mai nauyi ne. Wani abin dariya shi ne yawancin ma'aikatan ba sushi suke nema ba. Wanda ya kwana yana jan kifi cikin ƙanƙara abu mai zafi yake so, shi ya sa Yoshinoya, kamfanin shinkafa da naman sa da ke da rassa a ƙasashe da dama yau, ya fara ne a matsayin ɗan shago a kasuwar Nihonbashi a 1899. Sushin safe kuwa sai ya zama na baƙi. Shaguna irin su Sushi Dai da Daiwa Sushi sun yi suna har mutane na tsayuwar awa uku ko huɗu a layi, kuma da kasuwa ta tashi suka bi ta Toyosu. Ni a ganina babu lomar da ta cancanci tsayuwar awa huɗu cikin sanyin hunturu, musamman da yake tsohuwar kasuwar waje ta Tsukiji na nan ba ta tashi ba, da ɗaruruwan shaguna a lungunanta, kuma daga Toyosu ɗin dai suke sayen kifinsu kowace safiya.

A ɗaya daga cikin waɗannan lungunan na ci nawa. Shagon bai fi faɗin zaure ba, an rataya ɗan labule mai shuɗi a ƙofa, alamar an buɗe. Ciki doguwar kanta ce ta farin katako da kujeru kamar goma, gwiwarka na gogar ta maƙwabcinka. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babu ƙarni ko kaɗan. Ƙamshin shinkafa mai ɗumi da ɗan tsami kawai ke tashi. Maigidan, dattijo ne mai furfura, yana tsaye a bayan kanta, yaronsa na kai da kawo da shayi. Na ce masa omakase, wato na bar masa zaɓi, kamar yadda akasarin masu zama a kanta ke yi. Bai ƙara tambayata komai ba sai ko akwai abin da ba na ci.

Hannunsa ya fi bakinsa magana. Zai tsoma yatsu a ruwa mai tsami, ya ɗebo shinkafa da dama, yankan kifi na kwance a tafin hagu, ya shafa masa ɗan wasabi mai yaji, ya haɗa, ya juya sau biyu ko uku, ya ajiye a gabanka. Duka bai kai daƙiƙa goma ba. Shinkafar ba a dunƙule take kamar tuwo ba. Ta waje ta kama juna daidai yadda za a iya ɗauka, ta ciki kuwa sakwa-sakwa take da iska, da ta shiga baki sai ta watse. Kuma da ɗuminta take, kusan ɗumin jikin mutum, domin shi ke narkar da kitsen kifin. Shi ya sa ba a barin loma ta jira. Wata baƙuwa a gefena ta tsaya ɗaukar hoto ta wannan ɓangare da wancan, dattijon bai ce uffan ba, amma na ga inda idonsa ya tsaya. Masu sana'ar na cewa shekara uku ake yi ana koyon dafa shinkafa, takwas ana koyon dunƙulawa. Ana iya cewa da ƙari a ciki, don yanzu akwai makarantun da ke yaye mutum cikin watanni. Sai dai duk wanda ya ci sushin kanti mai sanyi, wanda inji ya matse, ya zo ya ci wannan, ya san a shinkafa bambancin yake kafin a zo kan kifi.

Ya fara da farin kifi mai laushin ɗanɗano, irin shimfiɗaɗɗen nan da ke kwanciya a ƙasan teku. Wannan ya kwana a naɗe cikin ganyen teku da suke kira kombu. Ga dalilin. Kifin da aka kashe yanzu tsokarsa tauri gare ta kuma kusan lami ne. Bayan mutuwa ne sinadarin da ke ba tsoka ƙarfi yake rikiɗewa sannu a hankali ya zama wani mai daɗin ɗanɗano. Idan kifi ya sha wahala kafin ya mutu, yana ta bugun ƙasa, ya ƙone wannan sinadarin, babu abin da zai rikiɗe. Shi ya sa masuntan Japan ke soke ƙwaƙwalwar kifi nan take, su tsiyaye jininsa, wani lokaci har su zura waya a cikin lakarsa don tsokar ta daina motsi. Shi kuma kombu yana tsotse ruwan kifin ya ba shi nasa ɗanɗanon. Wannan ɗanɗano na kombu ba baƙo ba ne a kicin ɗinmu. Daga cikinsa ne wani malamin kimiyya na jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya tace sinadarin ɗanɗanon a 1908, shekara guda bayan nan aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, farin magin da matanmu ke jefawa a miya.

Daga nan sai wani ƙaramin kifi mai fata kamar azurfa da ɗigo-ɗigo baƙi, kohada. A kansa masana ke auna mai shago, don ba shi da tsada kuma ɗanyensa ba ya ciwuwa. Sai an fere shi, an barbaɗe shi da gishiri, an wanke, an jiƙa a ruwan khal, an bar shi ya huta. Minti nawa a gishiri, minti nawa a tsami, ya danganta da girman kifin da kitsensa da yanayin ranar, kuma babu littafin da zai gaya maka. In ya yi yawa ka ci tsami zalla, in ya gaza ƙarni ya fito. Na dattijon nan ya zauna daidai. Sannan jan naman tuna da aka tsima a shoyu, ruwan waken suya mai gishiri. Sannan jatan lande dafaffe. Sannan wani dogon kifi mai kama da maciji, anago, wanda aka dafa har yana narkewa, aka shafa masa miya mai zaƙi. Aka rufe da wainar ƙwai. Da na lissafa, kusan rabin abin da na ci ya bi ta gishiri, ko tsami, ko wuta. Waɗanda aka ba ni ɗanye shar, irin su masu ɓawo da ƙananan kifaye masu saurin lalacewa, su ne kaɗai kusanci da kasuwa ya yi wa rana da gaske.

Tarihi ne ya sa haka. Sushi na farko hanyar adana kifi ce, wadda ake jin ta samo asali a yankunan noman shinkafa na kudu maso gabashin Asiya. A cusa kifi mai gishiri cikin dafaffiyar shinkafa, a danne da dutse watanni har shinkafar ta yi tsami ta hana kifin ruɓewa, sannan a zubar da ita a ci kifin. Har yau ana yin irinsa a bakin tafkin Biwa, kuma warinsa na korar Japanawa da yawa. Da ruwan khal ya wadata sai aka daina jira, aka riƙa zuba wa shinkafa tsamin kai tsaye. A shekarun 1820 ne irin wannan na loma-loma ya bayyana a Edo, kuma wani mai suna Hanaya Yohei ake jingina wa shi. Abincin kan titi ne na leburori da masu sana'ar hannu, a tsaye ake ci a rumfa, kowace loma ta ninka ta yau biyu ko uku. Babu firji, babu ƙanƙara, ga zafin bazara. Matsalar mai sushin Edo ita ce dai matsalar masuncin Baga a bakin tafkin Chadi: yadda kifi zai kai ga mai ci bai lalace ba. Namu ya kama hayaƙi ya yi banda, nasu ya kama gishiri da tsami. Da firji ya zo, dabarun ba su mutu ba, don an riga an gane sun fi ɗanyen daɗi.

Masifu biyu ne suka yaɗa salon Edo a faɗin Japan. Girgizar ƙasar 1923 ta tarwatsa masu sushin Tokyo, da yawa suka koma garuruwansu da sana'arsu. Sannan a 1947, cikin yunwar bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta hana gidajen abinci aiki saboda ƙarancin shinkafa. Masu sushi suka ce su ba abinci suke sayarwa ba, aikin hannu suke yi: ka kawo ɗan awon shinkafarka, a mayar maka da loma 10, ka biya ladan aiki. Hukuma ta amince, sauran jihohi suka kwaikwaya, girman loma ya ƙanƙance zuwa yadda yake yau.

Abin da ya fi tsada a kanta yanzu, wato tumbin tuna mai kitse da ake kira toro, a dā zubar da shi ake yi. Kitse na saurin lalacewa kuma ba ya shan shoyu, har ana cewa ko kyanwa tsallake shi take yi. Sai bayan yaƙi, da firji ya samu kuma harshen Japanawa ya saba da maiƙo, darajarsa ta tashi. A 1972 kamfanin jiragen sama na Japan Airlines, wanda jiragensa ke kai kayan lantarki Amurka su dawo wayam, ya ɗauko tuna daga gabar Kanada ya kawo Tsukiji. Kifin da masuntan can ke kamawa don wasa su binne ko su sayar a yi abincin dabbobi ya koma zinariya. Shi ma kifin salmon mai ruwan lemo, wanda yara ke rububi a yau, ba ya cikin sushin gargajiya, domin na tekun Japan yana da tsutsa. Mutanen Norway, waɗanda mu ma daga wurinsu titus mai yawa ke zuwa mana, su suka ƙaddamar da kamfe a tsakiyar shekarun 1980, suka yi shekaru suna lallashin Japanawa su ci nasu na kiwo ɗanye. Har yanzu akwai tsofaffin shagunan da ba sa ajiye shi, kuma na dattijon nan na cikinsu.

Kowace shekara, a gwanjon farko na Janairu, jaridun duniya kan ɗauki labarin tuna mai tsadar hauka. A 2019 Kiyoshi Kimura, mai gidajen Sushizanmai, ya biya yen miliyan 333.6, fiye da dala miliyan 3, a kan kifi guda mai kilo 278 da aka kama a Oma, arewacin ƙasar. Wannan ba farashin kifi ba ne, kuɗin talla ne, don ya yanka shi ya sayar a farashin kullum, asarar kuma kyamarori suka biya. Illar ita ce ya sa duniya ta ɗauka sushi shi ne tuna, a daidai lokacin da yawan kamu ya kusa ƙarar da irin wannan babban tuna a tekun Pasifik, har sai da ƙasashe suka ƙayyade abin da kowa zai kama kafin ya fara farfaɗowa. Jami'ar Kindai ta yi shekara 32 tana fama kafin ta iya kiwonsa daga ƙwai zuwa ƙwai a 2002. Duk da haka, in aka ce in zaɓi loma guda daga abin da na ci a ranar, kohada mai araha zan ɗauka, ba toro ba.

Mai karatu da Allah ya nufa da zuwa can, ga 'yan abubuwa. Da hannu ake ci in an so, ba wanda zai kalle ka. In za ka tsoma a shoyu, gefen kifin ake tsomawa, don shinkafa na shan ruwa ta tarwatse, kuma in maigida ya riga ya shafa masa miya, kada ka ƙara. Cittar da ke gefe ta wanke baki ce tsakanin loma da loma. Turarenka na fita kunya kuwa bar shi a masauki, domin a ɗaki mai kujera goma zai ɓata wa kowa abinci. Batun halasci, a mazhabar Malikiyya dabbobin teku ba su da matsala. Inda ake tsayawa shi ne miyar da ake shafawa, wadda galibi akan haɗa da giyar shinkafa ko mirin, wata irinta mai zaƙi, a tafasa, haka ma ta anago da wainar ƙwai. Ana iya roƙon a ba ka da gishiri kawai, kuma akwai gidajen sushi masu takardar shaidar halal a Tokyo.

Sai gaskiyar Bahaushe da na yi alkawari. Ɗanyen kifi na ɗauke da tsutsa, har a Japan ɗin, inda ake kai mutane asibiti kowace shekara saboda wata mai suna anisakis da ke kafa kai a bangon ciki. Wasabi ba ya kashe ta, gishiri da tsami ma haka. Wuta ce ke kashe ta, ko daskarewa a digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24, kamar yadda ma'aikatar lafiyar ƙasar ta shar'anta, sai kuma idon mai yanka. Kifin ruwan daɗi ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Don haka wanda ya gani a intanet sha'awa ta kama shi, don Allah kada ya gwada da tarwada ko karfasa ko giwan ruwa. Waɗannan na tukunya ne. Wanda kuma ya shirya zuwa Toyosu ya duba kalandar kasuwar tukuna, domin ba ta ci ranar Lahadi da wasu Larabobin.